Kabarin da Ke Ƙofar Ɗakin Iya Risi

Wulemotu Aduke, wadda kowa a Iseyin ke kira Iya Risi, shekarunta saba'in da takwas. Sittin da uku daga ciki a ɗaki ɗaya ta yi su, na uku daga hagu in ka shiga gidan Alaro a unguwar masaƙa. A nan aka haife ta. A ƙarƙashin daɓen ɗakin aka binne mahaifiyarta, daidai inda gadon Iya Risi yake, kamar yadda ake yi a da. A barandar ɗakin kuma take naɗe agidi a ganye tana sayarwa, tun kafin wutar lantarki ta iso unguwar.

Ƙanenta shi ne Alhaji Bisiriyu Akano, mawaƙin kiɗan apala, wanda daga Saki har Legas babu tashar motar da ba a san muryarsa ba. Tana da shekara goma sha biyu, shi yana da shida, uwarsu ta rasu, rainonsa ya dawo hannunta. Ubansu masaƙi ne, saƙa ya so yaron ya gada. Shi kuwa yaron ya fara bin masu kiɗan tashin mutane sahur da azumi, daga nan kuma bai sake kama ƙoshiya da daɗin rai ba. Ranar da ya gudu Ibadan, ita ta ƙulle masa agidi guda goma da ƙosai a tsumma, ita kuma ta sha faɗan uban har na wata guda.

An yi mata aure a Okeho, ta yi shekara goma sha huɗu a can. Da mijin ya rasu, danginsa suka ce ƙanensa zai gaje ta. Ta ce ta gode, ta goya 'yarta Risi, ta dawo ɗakin uwarta. Macen da ta dawo gidan ubanta ta zauna, ilemoshu ake ce mata. Ana ba ta ɗaki, ana ba ta girmanta, yara na durƙusa mata. Amma in maza suka zauna kan maganar gida, wurinta bakin ƙofa ne.

Da Akano ya yi suna ya gina bene a Agege, sau biyu yana ɗauke ta zuwa can. Zuwan farko kwana tara ta yi. Na biyu bai kai mako ba, ya tarar da ita ta ɗaure kayanta tana zaune a kai.

"Yaya, ga famfo, ga fanka, ga mai dafa miki. Me kika rasa?"

"Na rasa wanda zan yi faɗa da shi. Gidanka kowa sai 'to, Mama.'"

Ya yi dariya har da hawaye, ya sa direba ya mai da ita. Daga nan sai ya sake wa ɗakin kwano, ya bar ta.

Shekara shida ke nan da rasuwarsa. A wani asibiti a Legas ya cika, da safe. Babban ɗansa Mukaila ya bugo wa Iya Risi waya da hantsi, a wayar maƙwabciyarta Iya Taibu mai ƙosai. Waɗanda ke wurin sun ce ba ta yi kuka nan take ba. Tambaya ta fara yi, ina za a sa shi.

"Iya, an riga an fara haƙa a nan tsakar gida."

"A cike ramin."

"Iya, daga nan zuwa Iseyin awa huɗu ne, ga rana, ga jama'a sun cika gida."

"Mukaila, a bayana ubanka ya girma. A Legas ake sayar da gida har da kabarin da ke ciki. Gobe ku raba gado, wani ya saye, ya ajiye janareta a kan ubanku. Mutum gidan ubansa yake kwanciya. In kuka sa shi a can, kada ka sake ce mini Iya."

Ta miƙa wa Iya Taibu wayar tun bai ba da amsa ba.

Da la'asar motar gawa ta shigo gari, motoci sun fi talatin a bayanta. Kasuwa ta watse, masaƙa suka bar zare a miƙe. Aka yi masa salla a filin makarantar firamare don masallacin unguwa ba zai ɗauki jama'ar ba, aka binne shi a barandar Iya Risi, taki biyu daga ƙofarta. Mogaji Sunmonu, wato shugaban gidan Alaro, ɗan ƙanen ubansu, ya tashi a gaban mutane ya ce yau Yaya ta yi abin da mazan gidan suka kasa. Har aka yi arba'in ana zuwa yi mata barka a cikin ta'aziyya.

Shekara biyar ta yi da kabarin a ƙofarta, kuma ba ta taɓa cewa ya takura ta ba. 'Ya'yansa suka sa masa farin tayil. Kullum da safe shi take fara sharewa kafin ta hura wuta. Masu sayen agidi a gefensa suke zama, Iya Taibu ma a nan take miƙe ƙafa in ta sauke kasko. Wani lokaci in babu kowa, Iya Risi kan ba shi labarin tsadar masara da wanda ya mutu da wanda ya haihu. Direbobi kan tsaya su yi masa addu'a. 'Yan rediyo sun zo, ɗalibai daga Ibadan sun zo da littattafansu suna yi mata tambayoyi, tana ba su amsa tana naɗi. Duk wanda ya zo kuma sai ya tafi da agidi.

Wata Talata da hantsi, a bara, motoci uku suka tsaya a ƙofar gidan. Kwamiti ne da ƙungiyar 'yan asalin garin ta kafa don bikin cikar Akano shekara biyar da rasuwa. Shugabansa Cif Ogundiran, tsohon ma'aikacin safiyo ne da ya yi ritaya, mutum mai fara'a, wanda ya haddace waƙoƙin Akano fiye da 'ya'yan Akano. Sun zo da goro da kiret biyu na lemo da turmin atamfa. Cif ya kwanta rub da ciki a gabanta, da babbar rigarsa da komai.

"Tashi, Cif, kada ka share mini baranda da riga, na riga na share."

"Iya, gari ne ya tuna da ɗansa."

"Madalla. Da ma gari bai taɓa mantawa da shi ba in ana neman mai waƙa kyauta."

Aka yi dariya. Cif ya zauna ya shiga bayani. Za a sa wa titin da ya bi ta ƙofar gidan sunan Akano. Za a kafa mutum-mutuminsa a shataletalen hanyar Oyo. An riga an ba da aikin anko mai hotonsa, za a yi gasar makaɗa ta kwana uku. Babban abin kuma shi ne zauren tunawa, inda za a ajiye kalangunansa da rigunansa da faya-fayansa, baƙi su riƙa zuwa daga ko'ina.

Ta ce, "Ya yi kyau. A ina za ku gina?"

"Da farko fili muka nema kusa da tasha. Sai muka duba muka ce, ina amfanin zaure babu mai zauren a ciki? Da a Legas yake da shi ke nan, mun yi asara. Amma ke kika yi mana gata, Iya, kika kawo mana shi gida."

Ya warware wata babbar takarda, ya shimfiɗa a kan kabarin don babu tebur. Ya nuna mata ƙofar shiga, da wurin zaman mutum ɗari biyu, da kabarin a tsakiya, an kewaye shi da ƙarfe. Iya Risi ba ta yi boko ba, amma ta daɗe tana kallon takardar.

"Ina ɗakina a nan?"

Cif ya ɗora yatsa a wani lungu.

"Nan ne. A nan za a jera kabad na faya-fayai. Ke kuwa, Iya, mun tanadar miki abin da ya fi wannan. Ciki da falo, ginin bulo, da silin da famfo, a sabuwar unguwa ta hanyar Oyo. Kyauta daga gari, da sunanki a takarda."

Ta dubi Iya Taibu, Iya Taibu ta dubi kaskonta. Iya Risi ta ce maganar gida ce, sai a je wurin Mogaji. Cif ya ce ai sun fito daga wurinsa ne.

Ɗaki shida zauren zai ci. Biyar a kulle suke shekara da shekaru, masu su suna Legas da Ibadan da Kwatano, rufin yana yoyo, gara ta cinye ƙyamaren. Duk sun amince ta waya, wasu har da murna, tunda an ce za a rubuta sunayensu a bango. Ɗaki ɗaya ne ke da mutum a ciki.

Ranar Lahadi bayan azahar mazan gidan suka zauna a falon Mogaji, su goma sha ɗaya. Iya Risi ta ja 'yar kujerarta zuwa bakin ƙofa. Duk cikinsu babu wanda ta bai wa ƙasa da shekara goma. Da aka karanta takardar kwamiti, Mogaji ya tambaya ko akwai mai magana. Ba da ita yake ba, amma ta yi.

"Sunmonu."

"Na'am, Yaya."

"Ranar da aka haife ka ni na ɗebo ruwan wankanka."

"Gaskiya ne, Yaya."

"Uwata tana ƙarƙashin ɗakin nan."

"Gaskiya ne."

"Ban roƙi kowa gida ba. Akano da kansa ya ba ni bene na ƙi. A matsa da ginin gabas mana, ga kangon marigayi Baba Agba nan babu kowa sai awaki."

"Mun duba, Yaya. Cif ya ce in aka matsa, kabarin zai koma waje. Su kuma kabarin suke so a tsakiya."

"To a bar mini ɗakina a jikin ginin. Ni zan riƙa share musu."

"Wannan ma na faɗa. Sun ce gwamna zai iya zuwa, ba za a tarar da hayaƙi da tukwanen gasara a ƙofa ba."

Sai wani daga cikin matasan gidan, mai shagon sayar da taya, ya ce ƙasa-ƙasa, da tana gidan mijinta ai da wannan doguwar magana ba ta taso ba. Kowa ya ji. Mogaji ya fusata ƙwarai, ya ce wa ya haifi wannan marar kunya, ya sa shi ya fito tsakiya ya kwanta ya ba Iya haƙuri. Ya kwanta, goshinsa a ƙasa, har sai da ta ce ya tashi. Da ya koma wurinsa, Mogaji ya sa tabarau, ya sa hannu a takardar, ya miƙa wa na kusa da shi. Ta zauna tana kallo takardar na zagawa har ta dawo. Aka yi fatiha. Da za su fita, kowannensu sai da ya rusuna ya gaishe ta, don a bakin ƙofar take.

Washegari ta sa aka kira mata Mukaila a waya. Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba.

"Iya, wallahi ban ji daɗi ba. Amma me zan ce musu? In ce kada a girmama ubana? Mu a Agege muka so mu sa shi. Ke kika ce gida."

Ya yi ta cewa "Iya? Iya, kina ji na?" har ta ba da wayar.

Kwana biyu ba ta jiƙa masara ba. A rana ta uku ta yafa gyale ta tafi wurin Mogaji, ta same shi shi kaɗai yana cin amala. Ya matsa mata kwanon, ta ce ta ƙoshi.

"Na zo da shawara. A tone shi."

Mogaji ya tsaya da loma a hannu.

"A tone wa?"

"Akano. A mai da shi Agege, tunda can 'ya'yansa suka so. Su gina masa zauren a can, filin gidan ya isa."

"A'uzu billahi. Yaya, ke ce kuwa? Shekara biyar a ƙasa? Wane malami zai tsaya a kai? Garin nan jifan mu za su yi. Kuma ke da bakinki kika ce mutum gidan ubansa yake kwanciya, a gaban kowa."

"Na faɗa."

"To?"

Ta zauna a bakin gadonsa. Ita ma ta san ko an kawo diga ba za ta bari a sara ba. Mogaji ya wanke hannu bai gama cin abincin ba, suka zauna haka har aka kira la'asar.

Risi ta bugo daga Parakou, inda take aure, ta ce uwar ta taho wurinta kawai. Iya Risi ta ce ba za ta ƙare rayuwarta a gidan suruki ba, a garin da ko cinikin barkono ba za ta iya ba sai da tafinta. Ta je wurin limamin unguwa. Ya ce shi ma gini a kan kabari bai kwanta masa ba, ya kuma faɗa wa kwamitin, amma sun ce rufi kawai za a yi daga sama. Ya ce ta yi haƙuri. Sunansa na cikin takardar biki, shi zai buɗe taro da addu'a.

Cif ya aiko da mota a kai ta ganin sabon gidan. Iya Taibu ta raka ta. Sun wuce shataletale, sun wuce gidan mai na ƙarshe, suka sauka daga kwalta suka bi ta cikin gonakin kashu. Gidan na nan kamar yadda aka faɗa, sabo fil, da shuɗin fenti. Iya Taibu ta murɗa famfo, ruwa ya zubo.

"Ke tsohuwar nan kin haye. Ni shekara arba'in ina jan guga, ƙanena bai iya ko tafi ba, balle waƙa."

"Ki karɓa mana, mu yi musanya."

"Wa? Ni? Jikokina wa zai dake su?"

Iya Risi ta fita ƙofar gida ta duba dama da hagu. Gine-gine ne da ba a gama ba, bulo iya taga, ciyawa ta fito a ciki. Gida ɗaya ne mai labule, can nesa.

"Wa zai sayi agidi a nan, Iya Taibu? Ƙadangaru?"

"In sun ɗanɗana naki sau ɗaya ai ba za su dawo ba su ma."

Suka yi dariya su biyu. Sannan suka hau mota suka dawo.

Wata ranar Litinin motar kwamiti ta kwashe kayanta: gadon ƙarfe, akwati biyu, manyan tukwane uku na jiƙa masara, rariya, da tabarmi. Sawu ɗaya ya isa. Kafin ta shiga mota ta kira babban magini, ta nuna masa inda gadon ya tashi, ta ce akwai mutum a nan, a sa alama. Ya cire hula, ya ce in sha Allahu, ya ɗauko dutse ya ajiye a wurin. Ginin ƙasa ne, kwana biyu da rabi aka yi ana rushe ɗakunan shida. Da ta hau acaɓa ta zo bayan mako biyu, an zuba kankare daga wannan bango zuwa wancan, babu dutsen. Maginin ya ce ranar zubin ba ya nan, yaransa ne suka yi. Ya ba ta haƙuri sosai. Ta tsaya a gefen kabarin Akano, ta ƙirga taki bakwai zuwa yamma, ta yi addu'arta a nan, leburori na kewaye ta da baro.

An yi bikin kamar yadda aka tsara, har ya fi. Mako guda gidajen rediyo ba su sa waƙar kowa ba sai tasa. Mahauta da 'yan acaɓa da matan kasuwa, kowace ƙungiya da ranarta da tantinta. An dafa amala da miyar gbegiri a manyan tukwane a bakin titi, duk wanda ya zo ya ci. Makaɗa sun zo daga Saki da Oyo da Ede, wani tsoho da ya yi wa Akano kiɗa shekara ashirin ya kama kalangu, mutane suka yi ta kuka a tsaye. Duk inda ka duba fuskar Akano ce a jikin zane, a ƙirjin maza da ɗaurin mata.

Ranar Juma'a aka yaye ƙyallen mutum-mutumin a shataletale. Iya Taibu ta leƙa ta sake leƙawa.

"Wannan ai mai gyaran rediyon bakin kasuwa ne."

"Kuma sun ba shi makirufo a dama," in ji Iya Risi. "Akano bahago ne."

Asabar ce babbar rana, ranar buɗe zaure. Gwamna bai zo ba, ya aiko wakili. Aka zaunar da Iya Risi a layin gaba, a kujera mai hannu, cikin anko da ɗaurin da wata mai kwalliya ta yi mata, wanda ya matse mata kai. Daga inda take tana hango kabarin a cikin ƙarfensa, an sake masa tayil baƙi mai sheƙi. Bayansa ga kabad ɗin faya-fayai a jere.

Bayan jawabai huɗu, mai gabatarwa ya ce yanzu an zo wurin uwar biki. Ya ba da labarin ranar rasuwar tun daga farko, da ramin da aka fara haƙa a Agege, da wayar, da "a cike ramin," har yana kwaikwayon muryarta. Ya ce ba don wannan baiwar Allah ba, da yau mutanen Legas ne ke wannan taro, mu muna kallo a talabijin. Zauren ya ɗauka da tafi, aka miƙe tsaye. Makaɗa suka matso suna yi mata kirarin gidan Alaro da kalangu, manyan mutane suka yi layi suna yi mata liƙi a goshi. Cif Ogundiran ya miƙa mata allon yabo mai gilashi, idonsa ya kawo ruwa. Da gaske yake.

Sai aka kara mata makirufo a baki.

Iya Taibu ta ce tun da safe ta ga bakin Iya Risi na motsi, ta san akwai abin da ta shirya. Iya Risi ta gaishe da sarakuna, ta gaishe da malamai, ta gaishe da baƙi na nesa da na kusa, ta ce Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Ta tsaya ta ja numfashi. Makaɗa suka ɗauka ta gama, don a nan tsofaffi kan tsaya, suka saki kiɗa gaba ɗaya. Mai gabatarwa ya janye makirufon yana cewa a tafa wa Mama. Ta ɗaga hannu, jama'a suka ɗauka rawa za ta taka, suka ƙara sowa. Wasu mata biyu suka kama ta suka mai da ita kujera a hankali.

An tambaye ta daga baya abin da ta so ta faɗa. Ta ce ba wani abu ba ne, so ta yi ta gaya musu cewa akwai mutum a ƙarƙashin kabad na biyu, masu shiga su riƙa cire takalmi a wurin.

Wata takwas ke nan da bikin. Zauren a kulle yake yawancin kwanaki, ana buɗewa in an yi baƙi. Makullin na hannun sakataren kwamiti, shi kuma rabin wata a Ibadan yake yi. Sau uku Iya Risi ta samu shiga. Sauran ranakun Juma'a, in ta samu mai acaɓan da ya yarda ya shiga hanyar gonakin, takan zo ta tsaya a jikin taga ta yi addu'a, sannan ta wuce wurin Iya Taibu ta zauna har la'asar. Ta daina agidi. Babu injin niƙa a sabuwar unguwar, ganyen naɗi ma sai an shigo gari. Mukaila na aiko da abinci duk wata, ba ta rasa ci ba. Duk wanda ya gan ta a hanya yana gaishe ta da girmamawa fiye da da, wasu ma su nemi ɗaukar hoto da ita.

A watan jiya ta yi zazzaɓi na kwana biyar, sai a rana ta uku mai gidan labulen nan ya lura ba ta fito ba. Da ta samu sauƙi, Mogaji Sunmonu ya zo duba ta da lemo da burodi. Ya zauna a falo, ya yaba silin, ya yaba iska. Ta bar shi ya gama.

"Sunmonu, in ta Allah ta kasance, ina za ku sa ni?"

"Haba, Yaya, ki bar wannan magana. Sai kin ga jikokin Risi."

"Na ji. Ina za ku sa ni?"

Ya juya hularsa a hannu.

"Cikin zauren dai kin san ba zai yiwu ba, an riga an miƙa wa gari. Tsakar gida kuma an yi wurin ajiye motoci."

"Kangon Baba Agba fa?"

"Jikokinsa sun sa an auna, shaguna za su yi, tunda yanzu titin ya yi daraja."

Ta jira. Mogaji ya tashi ya je bakin taga, ya leƙa bayan gidan, inda ciyawa ta kai gwiwa har zuwa gindin wani kashu.

"Ga fili nan, Yaya, babu mai takura miki. Ai nan ma gidanki ne, da sunanki a takarda."

Ta taso a hankali, tana dafa bango, ta zo ta tsaya kusa da shi. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta ce in ya samu mai adda, ya turo a sare ciyawar.